Yadda za ka gane birakiyofod a jikin dutsen kogo

Birakiyofod wani ɗan halittar teku ne mai ɓawo biyu, wanda ake samun ɓawonsa na zamanin da ya zama dutse. In shi kake nema, kada ka wahalar da kanka da duwatsun Dutsinma. Ɗalibaina a nan Katsina sukan kawo mini tsakuwa daga can suna murna, amma dutse ne da ya narke a ƙarƙashin ƙasa ya daskare, ba abin da ya taɓa rayuwa a cikinsa. Farin dutsen nan da ake yin siminti da shi za ka nema, wanda ya taru a gindin teku. Mafi kusa da mu shi ne na Kalambaina a Sakkwato, mai shekaru wajen miliyan 60, sai dai katantanwa da ƙumba sun fi yawa a ciki. Inda birakiyofod ya cika bango shi ne irin kogon Mammoth a jihar Kentaki ta Amurka, dutse mai shekaru kusan miliyan 330.

Fara gwada dutsen, in ba a wurin da aka hana taɓa shi kake ba, irin Mammoth. Kankare shi kaɗan da ƙusa, ka ɗiga ruwan lemun tsami a kan garin. In ya yi kumfa, shi ne.

Sai tocila. Kada ka haska bangon gaba da gaba. Jingina ta a gefe, hasken ya bi fuskar dutsen, nan take tsage-tsagen ɓawon za su fito.

Ga inda kusan kowa ke ruɗewa. Ƙumbar rafi da birakiyofod duk ɓawo biyu gare su. A ƙumba, ɓawon nan biyu daidai suke da juna kamar tafin hannu biyu, amma in ka dubi ɗaya shi kaɗai, a karkace yake. Birakiyofod akasin haka ne: ɓawo ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, amma in ka ja layi daga ɗan tsinin ƙoƙonsa zuwa baki, hagu da dama iri ɗaya ne sak. Ni da wannan layin kaɗai nake yanke hukunci. Duba tsinin kuma, wani lokaci za ka ga ƙaramar huda. Ta nan jijiyar da yake kama ƙasan teku da ita take fita.

Ajiye biro kusa da ɓawon don a ga girmansa, ka ɗauki hoto, ka rubuta wurin. Guduma kam bar ta a gida: a Mammoth doka ta hana ɓantarar komai, kuma ɓawon da aka ciro ba a san daga wane shimfiɗin dutse ya fito ba, kimanta shekarunsa sai ya yi wuya.