Yadda nake sa kuɗin cefane su kai ƙarshen wata

Kuɗi na shigowa hannuna, sai na leƙa ɗakin ajiya na rubuta abin da ya ƙare kafin in nufi kasuwa. Hatsi, wake da mai nake fara saya da yawa, don sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, kuma ba sa saurin lalacewa. Ragowar kuɗin in raba huɗu, kowane mako da nasa.

Nama kuwa ɗanɗano ne a gidana, wake da ƙwai ke riƙe cikin yara. Kayan lambu, ki sayi wanda ake yayi, in ya yi araha ki shanya. Kuma don Allah kada ki shiga kasuwa da yunwa ko da yara, sai kin sayo abin da babu a lissafi.