Darasi na Bakwai: Gyara Takardar Sallamar Tsohon Sojan Amurka Idan Ba a Rubuta Masa Wata Lambar Yabo Ba

Duk sojan Amurka da ya gama aiki, ana ba shi wata takarda ranar da zai tuɓe kaki. Sunanta DD 214, kuma tun 1950 ake amfani da ita. A cikinta akwai ranar da ya shiga soja, ranar da ya fita, muƙaminsa, da lambobin yabon da ya samu. A fom ɗin da aka daɗe ana amfani da shi kafin a sabunta shi a 2022, lambobin suna gida na 13. Idan gidan ya cika, akan ƙarasa su a gida na 18, wurin ƙarin bayani. Don haka kafin ka ce an manta da lambarka, leƙa gida na 18 tukuna.

Gyaran nan ba don ado kawai ake yin sa ba. Wanda aka rubuta wa Purple Heart, lambar da ake ba sojan da abokan gaba suka ji wa rauni, yana samun fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji, da ƙarin maki 10 idan yana neman aikin gwamnatin tarayya. Lambar da ke nuna mutum ya je fagen daga takan jawo maki 5. Ma'aikacin da ke duba waɗannan abubuwa ba ya tambayar abin da ke maƙale a ƙirjinka. Takarda yake karantawa.

Me ya sa lamba ke ɓacewa?

Hanya uku ce, kuma kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata. Wanda bai bambance su ba zai iya shafe shekara yana jiran amsa daga ofishin da ba shi da hurumi.

Ta farko: an ba ka lambar, an fitar da oda, wato rubutaccen umarnin ba da ita, amma akawun da ya buga takardar sallama bai ga odar ba. Wannan na yawan faruwa ga wanda aka sallama da gaggawa daga asibiti, ko wanda odarsa ta fito bayan ya riga ya koma gida. Ita ce mafi sauƙin gyara.

Ta biyu: lambar ba ta wanzu ba lokacin da ka bar aiki, ko kuma rundunarka aka ba daga baya. Lambar fursunan yaƙi a 1985 aka ƙirƙiro ta, amma ta haɗa da waɗanda aka kama tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lambar tsaron Koriya a 2002 aka yi dokarta, kuma ta shafi wanda ya yi aiki a can daga 28 ga Yuli 1954, muddin ya yi kwana 30 a jere ko kwana 60 a rarrabe. A 1947 aka yanke cewa sojan ƙasa da ya samu bajen fafatawa gaba da gaba a Yaƙin Duniya na Biyu ya cancanci Bronze Star, lambar jarunta ko aikin yabo a fagen daga, alhali mafi yawansu sun riga sun koma gida tun 1945 da 1946. A irin wannan, abin da za ka nuna kawai shi ne kana wurin a ranakun da doka ta faɗa.

Ta uku ita ce mai wuya: ka yi bajinta, wani babba ya ce zai rubuta a ba ka lamba, amma bai rubuta ba, ko takardar ta salwanta a hanya. A nan babu kuskuren da za a gyara, domin ba a taɓa ba da lambar ba. Sabon nema ne daga tushe.

Fara da fayil ɗinka

Kada ka rubuta wa kowa koke kafin ka ga abin da ke cikin fayil ɗinka. Fayilolin tsofaffin sojoji suna babbar ma'ajiyar da ke birnin Sent Luwis a jihar Misuri. Ana nema da fom mai suna SF 180, ko ta intanet. Rubuta cikakken sunan da ka yi aiki da shi, rundunarka, ranar shiga da fita, ranar haihuwa da wurin haihuwa, sai lambar aiki. Kula da wannan: sojan ƙasa da na sama sun daina amfani da tsohuwar lambar soja a 1969, na ruwa kuma a 1972, aka koma lambar inshorar zamantakewa. Idan ka yi aiki kafin lokacin, rubuta duka biyun. Faɗi ƙarara cewa fayil ɗin gaba ɗaya kake so, in ba haka ba za a iya aiko maka da kwafin DD 214 ɗin da ke hannunka. Ka sa hannu, ka sa kwanan wata. Fom marar sa hannu ba a aiki da shi.

Idan sojan ya rasu, magadansa na kusa ne ke nema: matarsa ko mijinta idan ba su sake aure ba, ɗa, 'ya, uba, uwa, ko ɗan'uwa da 'yar'uwa na jini. Za su haɗa da shaidar rasuwa. Fayil ɗin da ya cika shekara 62 da sallamar mai shi ya zama na tarihi, kowa na iya nema, amma ana biyan kuɗin kwafi.

Akwai wani babban cikas da ya kamata ka sani. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a wannan ma'ajiya, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da miliyan 18. Kusan kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama daga Nuwamba 1912 zuwa farkon 1960 sun ƙone. Haka kusan kashi 75 cikin 100 na sojan sama da aka sallama daga Satumba 1947 zuwa farkon 1964, waɗanda sunan gidansu ke bayan Hubbard a jerin haruffa. Babu kwafin ajiya. Idan naka na ciki, za a aiko maka da wani fom, NA 13075, ana tambayar kamfaninka (ƙaramin rukunin sojojin da kake ciki), bataliyarka, inda aka ɗauke ka da inda aka sallame ka. Cika shi da natsuwa, domin da shi ake bin sawunka a cikin wasu takardun da wuta ba ta ci ba, kamar takardun biyan albashi da rahoton safiya.

Rahoton safiya ya cancanci a tsaya a kansa. Takarda ce da kowane kamfanin sojan ƙasa ke cikawa kullum har zuwa 1974, ana rubuta wanda ya zo, wanda aka canza wa wuri, wanda aka kai asibiti, wanda ya ji rauni. Layi ɗaya a cikinta da ke cewa an ji wa wane rauni a fagen fama ranar kaza ya fi shafi goma na labarin baka. Sai dai ba a jera shi da sunan mutum ba, da sunan kamfani da wata aka jera shi. Wanda bai tuna kamfaninsa da watan da abin ya faru ba, nemansa zai yi nisa.

Wace hujja ce ke aiki?

Sarkin hujjoji ita ce odar da ta ba da lambar, mai lamba da kwanan wata da sunan hedkwatar da ta fitar. Takardar yabo mai ado da ake ratayewa a bango tana taimakawa, amma ba ta kai oda ba. Hoton biki da ita kanta lambar ƙarfen ba su tabbatar da komai, tunda ana sayar da irinta a kanti.

Purple Heart na da sharaɗi uku, kuma dole su haɗu: abokan gaba ne sanadin raunin, raunin ya kai a ce likita ya yi maganinsa, kuma an rubuta maganin a takardun soja. Na uku ne ke kayar da mutane. Jarumin da ya ɗaure rauninsa da kansa ya ci gaba da faɗa, shi ne yau ya fi kowa shan wahalar samun lambar.

Lambar da aka ba runduna gaba ɗaya kuma, abin dubawa shi ne ko kana cikin rundunar a ranakun da aka yaba mata. Zuwa bayan an gama, ko da kwana ɗaya ne, ba ya sa a rubuta maka ita. Ka kuma ƙirga 'yan taurarin da ke kan lambar fagen daga. Kowace tauraruwar tagulla zango ɗaya ne na yaƙi, ta azurfa ɗaya kuma madadin biyar ce. Sau da yawa ba lamba ce ta ɓace ba, tauraruwa ce ba a ƙirga ba.

Ina za a kai?

Da farko a kai wa ofishin lambobin yabo na rundunar da mutum ya yi wa aiki. Na sojan ƙasa yana Fot Noks a jihar Kentaki, na sojan ruwa yana Milintin a Tenesi, na sojan sama yana San Antoniyo a Tekzas. Aika kwafi, ka riƙe na asali. Idan sun gamsu, za su fitar da DD 215, wato 'yar takardar gyara da ake haɗawa da ta farko, wani lokaci kuma sabuwar DD 214 ɗungurungum. Neman a aiko maka da sabuwar lambar ƙarfe wani abu ne daban, ba ya gyara takarda.

Idan sun ƙi, ajiye wasiƙar ƙin da kyau, domin ita ce tikitinka na zuwa mataki na gaba: hukumar gyaran bayanan soja. Kowace runduna da tata, fararen hula ne ke zama a kai, kuma ba sa duba koken wanda bai fara bin ƙananan ofisoshi ba. Fom ɗinsu DD 149 ne. Kada ka ruɗe shi da DD 293, wanda na neman canza nau'in sallama ne.

Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba. Ko wa'adin ya wuce, hukumar na da ikon karɓa idan adalci ya buƙaci haka, amma sai ka rubuta dalilin jinkirin. Kada ka bar wannan gida babu komai.

Wajen faɗin abin da kake so, guji rubuta "a ba ni duk lambobin da na cancanta". Rubuta kamar haka: "A ƙara Bronze Star a takardar sallamata, bisa oda mai lamba kaza ta ranar kaza, wadda na haɗa a matsayin shaida ta 1." Hukumar ba ta fita nemo maka hujja. A wurinta abin da ke rubuce daidai ne har sai ka kawo abin da ya rinjaye shi, kuma yawanci a kan takardun da ka aika kaɗai ake yanke hukunci. Doka ta ce a gama kashi 90 cikin 100 na koke cikin wata 10, sauran kuma cikin wata 18. Idan ka tashi daga gidanka kafin nan, sanar da su sabon adireshi.

Lambar da ba a taɓa rubutawa ba

A sojan ƙasa, yawancin lambobi ana so a gabatar da sunan mutum cikin shekara 2 da yin aikin. Bayan haka sai ta hannun ɗan majalisar tarayya, ƙarƙashin sashe na 1130 na dokar soja. Kai ba za ka gabatar da kanka ba. Sai wani da ya shaida abin da ya faru ne zai cika fom DA 638, a haɗa da bayanin shaidun gani da ido a rubuce da rantsuwa, da sa hannun manyan da suka shugabance ka a lokacin, gwargwadon waɗanda ke raye. Ɗan majalisa miƙawa kawai yake yi, rundunar ce ke yanke hukunci. A nan da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin shaidu tsufa suke yi.

Ba lallai ne ka ɗauki lauya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da jami'an da ke taya cika waɗannan fom kyauta, haka ma ofisoshin tsofaffin sojoji na gundumomi. Amma kada ka rubuta lambar a takardar neman aiki ko neman tallafi kafin gyaran ya fito. Dokar 2013 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi ƙaryar samun Purple Heart ko irinta don ya ci wata riba, kuma mai gaskiyar da takardarsa ba ta goyi bayansa ba zai sha tambayoyi kafin a fahimce shi.

Aikin gwaji: ɗauki kwafin DD 214, ka kwafe duk abin da ke gida na 13 da na 18 a gefen hagu na takarda. A gefen dama rubuta lambobin da kake ganin babu. Gaban kowace, rubuta ko ta farko ce, ta biyu ko ta uku, da takardar da ke hannunka a kanta. Wadda gabanta ya zama fili, ita za ka fara nema a SF 180.