In za ka je Zanzibar daga Kano, ga abubuwan da kar ka yarda su wuce ka

Jama'a masu tambayar ina mutum zai kai iyalinsa hutu bakin teku hankali kwance, ni dai kullum amsata Zanzibar ce. Tsibiri ne a Tanzaniya, kusan duk mutanensa Musulmi ne, kiran sallah za ka ji ta ko'ina, nama halal, matarka za ta sa hijabinta ba mai kallonta. Amma dan Allah kar ka biya kuɗin nan duka ka je ka kwanta a otal kana ɗaukar hoton ruwa, garin da mutanensa su ne rabin tafiyar.

Fara da biza tun da wuri, domin mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, sai ka cike ta intanet ka jira a amince, kuma tana iya ɗaukar makonni, saboda haka kar ka yanki tikiti kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara, sannan tun Oktoban 2024 sun wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Jirgi kuwa daga filin Malam Aminu Kano za ka iya bin Ethiopian ta Addis Ababa. In ka je Wapa canji ka nemi sababbin dala, tsofaffin takardu suna wahalar karɓuwa, in ka sauka ka mayar da wasu shilin ɗin Tanzaniya don cefane da mota. Ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin damina mai ƙarfi ne, Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Kwana biyu na farko ka ba tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa kamar na cikin birnin Kano suke, ƙanana masu murɗewa, mota ba ta shiga sai ƙafa da babur, kuma ɓata dole ne amma ba komai, duk inda ka bi za ka ɓulla bakin ruwa ko babban titi. Ka tsaya ka kalli ƙofofin katakon nan masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu har da ayoyi a samansu, ka leƙa tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, ka shiga kasuwar Darajani da safe lokacin da kifi ke shigowa. Sannan akwai inda nake roƙonka kar ka tsallake, wato tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, yanzu coci ne a wurin, amma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suna nan ana shiga da mai jagora, wallahi in ka ga ƙanƙantarsu da rashin iska jikinka zai yi sanyi. Ka je da yaranka in sun yi wayo, su ji da kunnensu.

Bayan magariba sai lambun Forodhani a bakin teku, nan masu abinci ke baje tebura, akwai mishkaki wato tsirensu, da urojo wata miya mai tsami da dankali, da ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemon tsami. Ka tambayi farashi kafin a zuba maka, kuma ka zaɓi abin da aka gasa a idonka, kifin da ya daɗe a tebur ka ƙyale shi.

Wuni ɗaya ka ware wa gonakin kayan ƙamshi, wannan mata sun fi jin daɗinsa gaskiya. Kanumfarin nan da muke saya a Kurmi za ka gan shi a bishiyarsa, kirfa kuma ɓawon itace ne za a ɓantaro maka ka shinshina, masoro yana nannaɗe jikin bishiya, ga kurkum ga citta ana tono su. Tun zamanin Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa nan wajen 1840, kanumfari ya zama arzikin tsibirin. Ka sayi tsarabarka a can, ka yi ciniki sosai, ai ba sai an koya wa Bakano ba.

Tsibirin Changuu tafiyar kwalekwale ce ta kamar rabin awa, akwai manyan kunkuru wasu sun haura shekara 100. Dajin Jozani kuma jajayen biran da a Zanzibar kawai ake samun irinsu, kallo kawai, ba a taɓa su ba a ba su abinci. In kana son tarihin Musulunci ka gangara Kizimkazi, masallacin wurin yana da rubutu mai tarihin 500 bayan Hijira, wato 1107.

Sai batun ruwa, a nan nake so a saurare ni da kyau domin yawancinmu ba mu iya iyo ba. Teku yana ja da baya yana dawowa sau biyu a wuni, a gabas wajen Paje da Jambiani yakan janye nesa sosai har ka ga mata suna aikin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne, mutum sai ya yi ta tafiya yana murna, ruwan kuma in ya tashi dawowa ba ya jira. Ka tambayi ma'aikatan otal lokacin dawowarsa kafin ka taka, ka sa takalmin roba saboda halittu masu ƙaya. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai cika janyewa haka ba, ga masu sassaƙa jiragen katako a Nungwi, sai dai nan ne Turawa suka fi yawa da shigarsu ta wanka da kiɗan dare, mai iyali ya nemi otal da ke gefe. Duk kwalekwalen da za ku shiga, na kallon faɗuwar rana ne ko na Changuu, a ba kowa rigar ceto har yara, in mai jirgi ya ce babu ko ba sai an sa ba, ku sauka ku nemi wani.