Yadda Ake Tambayar Mara Lafiya Halin Rayuwarsa Kafin a Rubuta Magani

A 1848 aka tura likitan Jamus Rudolf Virchow ya binciki annobar taifus, wani zazzaɓi da ƙwarƙwata ke yaɗawa, a yankin Silesiya da yanzu galibinsa ke cikin Poland. Da ya dawo, yunwa da talauci da cunkoson gidaje ya ɗora wa laifi. Har yau ma'aikacin lafiya yana cin karo da wannan: magani daidai, amma rayuwar mai shan sa ba ta ba shi damar aiki ba.

Ka fara da barin mutum ya ƙare maganarsa. Binciken Beckman da Frankel na 1984 ya gano likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18, kuma ainihin damuwar sau da yawa ba ita ke fara fitowa ba.

Sai ka ji yadda shi yake kallon ciwon, kamar yadda likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Arthur Kleinman ya koyar: "Me kike ganin ya jawo shi? Me kika fi tsoro? Me kika riga kika gwada?" Kada ka ce "Ba ki sha wani abu ba ko?" Tambayar da ta zo da amsarta, "a'a" kawai take samu. In akwai ɗan rakiya, ka nemi ya ɗan ba ku wuri, domin maganar kuɗi ko ta shan duka a gida ba ta fitowa a gabansa.

Sai tambayar halin rayuwarsa: nan ne aikin yake. Sau nawa yake cin abinci a rana? Mai ciwon sukari da ke shan glibenclamide yana tsallake abinci, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Yana da wurin sanyi? Insulin, maganin allura na ciwon sukari, in ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius. Wane aiki yake yi? Direban doguwar hanya da aka ba furosemide, maganin fitar da ruwa daga jiki, da safe zai daina sha saboda yawan fitsari, kuma ba zai faɗa ba. Ku tsara lokacin tare. Wa ke biyan kuɗin mota zuwa asibiti? Maganin tarin fuka wata 6 ne, amma sauƙi yana zuwa cikin makonni, sai nisa ya sa a yanke, ƙwayar cutar ta samu hanyar bijire wa magani.

In ya dawo, maimakon "Kana sha?", ka ce "A kwana 7 da suka wuce, sau nawa ya kuɓuce maka?" Kafin ya tashi, ya maimaita maka da bakinsa yadda zai sha. In ya kuskure, ka sake bayani da wasu kalmomin, ka rubuta lokutan a jikin kwalin.