Yadda Ake Taƙaita Binciken Likitanci Da Taimakon Kwamfuta

Ɗalibin likitanci a Garwa ko ma'aikaciyar jinya a Marwa, a ƙasar Kamaru, idan suka tashi neman abin da masana suka gano game da maganin da ake ba yara da damina don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, maƙaloli rututu za su tarar, kusan dukkansu da Turanci, alhali su da Faransanci suka yi karatu. Manhajojin da ke sarrafa harshen ɗan Adam suna rage wannan wahala, matuƙar an san yadda ake bi da su.

Ku fara nemo maƙalar da kanku a rumbun PubMed, wanda babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ke kula da shi, mai ɗauke da bayanan maƙaloli sama da miliyan 35. Waɗanda ke sashen PubMed Central cikakku ne kuma kyauta, don haka ku sauke su a waya lokacin da intanet ke da ƙarfi. Kada ku ba manhaja taken maƙala kaɗai ku nemi ta faɗa muku abin da ke ciki, domin takan ƙago sakamakon da babu shi, ta tsara shi tsaf har ku gaskata.

Taƙaitawar iri biyu ce. Akwai mai tsamo jimlolin marubuci kamar yadda suke, akwai kuma mai sake rubuta bayanin da kalmominta, irin ChatGPT. Ta biyun ta fi daɗin karatu, tana kuma iya ba ku bayanin da Faransanci, amma a ganina ita ta fi buƙatar sa ido. Idan kun liƙa mata cikakken rubutun, ku yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: yara nawa aka bincika, shekarunsu nawa, a wace ƙasa, da me aka kwatanta maganin, me marubutan suka ce binciken ya gaza nunawa. Ku umarce ta ta kawo ainihin jimlar da ta dogara da ita a kowace amsa.

Daga nan sai ku koma kan maƙalar, a nan ne kuma aikin yake. Ku gwada kowace lamba da jadawalin sakamako, ku kuma lura da kalmomin korewa, domin idan "bai rage" ya koma "ya rage" wajen taƙaitawa, lafiyar yaro ce a tsakiya. Wurin da aka yi binciken ma abin dubawa ne, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan rigakafin ne a 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankunan Sahel, inda cutar ke tsananta da damina kamar jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kuma abin da aka samu inda sauro ke yaɗa ta duk shekara ba lallai ya dace da mu ba.

Sunan majinyaci ko bayanan katinsa na asibiti kuwa, kada ku taɓa shigar da su cikin irin waɗannan manhajoji.