Yadda za ka bi sawun loma ɗaya har ta zama ƙarfi a jikinka

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar ciki ya cika shikenan ƙarfi ya samu, alhali abinci shi kaɗai bai isa ba, sai ya haɗu da iskar oksijin a can cikin ƙwayoyin halittar jiki. Kuma wasu matakan za ka iya gwada su da kanka ba sai ka shiga lab ba.

Fara daga baki. Gutsuri burodi mara suga ka yi ta taunawa kar ka haɗiye, kamar minti biyu haka, za ka ji ya fara ɗan zaƙi-zaƙi. Wani sinadari ne a yawu mai suna amilez yake farfasa sitaci yana mai da shi suga. Sauran aikin a ciki da ƙaramin hanji ake ƙarasa shi, sitaci ya koma gulukos, wato wani nau'in suga, gulukos ɗin ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ne ke taimaka masa shiga tsoka, rarar kuma hanta da tsoka su ajiye, in ta yi yawa ta koma kitse.

Mataki na biyu, ja numfashi ka cika ƙirji. Kashi 21 cikin 100 na iskar nan oksijin ce, wadda za ka fitar kuma ta ragu zuwa wajen 16. Wannan ɗan gibin shi ne abin da huhu ya miƙa wa jini, himogulobin na jajayen ƙwayoyin jini ya ɗauka, shi kuwa himogulobin ba ya samuwa sai da sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe, shi ya sa mai ƙarancin jini ko ya ci ya ƙoshi za ka ga yana ta gajiya yana haki, abincin yana nan amma mai kai iskar ne ya yi ƙaranci.

Na uku, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa ka ƙirga bugun na minti ɗaya. Babba in yana hutawa yawanci tsakanin 60 ne zuwa 100. Rubuta naka ka ajiye.

To yanzu ga inda abin yake ba ni mamaki. Cikin ƙwayar halitta ana fara raba gulukos gida biyu ba tare da oksijin ba, amma ATP 2 kacal ake samu. ATP ɗin nan kamar ɗan ƙaramin batir ne, a yi amfani da shi a sake masa caji, da shi tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki. In akwai oksijin sai a wuce da aikin cikin mitokondiriya, wato wasu ƙananan sassa da ke cikin ƙwayar halitta, a bi ta zagayen sauye-sauyen sinadarai da masanin kimiyya Hans Krebs ya gano a 1937, a ƙarshe gulukos ɗaya ya ba da ATP wajen 30. Dubi tazarar fa, 2 da 30! Abin da ya rage shi ne ruwa, da iskar kabon dayoksaid da kake fitarwa, da kuma zafin da ke riƙe jikinka a wajen digiri 37. Hatta kitsen da mutum ke ragewa, mafi yawansa ta numfashi yake fita.

Na ƙarshe, tashi ka yi gudu a inda kake ko ka hau matakalar bene na minti biyu, sai ka sake ƙirga bugun. Zai haura sosai, numfashi ma ya ƙaru, don tsoka na neman ƙarin oksijin. In ka matsa da yawa har aikin ya fi ƙarfin iskar da ke zuwa, tsoka za ta ƙara dogara da waccan gajeriyar hanyar mai ATP 2, nan za ka ji cinya ta ɗau zafi ta yi nauyi. Zauna ka duba minti nawa bugun zai ɗauka kafin ya dawo lambar da ka rubuta. Mai ciwon zuciya ko asma don Allah ya tsallake wannan matakin sai ya tambayi likita tukuna.