Darasi na 7: Gocewar Mahaɗa a Daɓen Katako

Ka taɓa tsayawa kallon magini yana ɗora bulo? Ba ya barin mahaɗar bulo biyu ta hau kan mahaɗar da ke ƙasanta. Yakan fara sahu ɗaya da cikakken bulo, na sama da rabi, don kada bango ya tsage. Haka ake yi wa daɓen katako, ko na ainihi ne ko lamineti, wato allunan nan masu zanen itace da ke shiga cikin juna ba ƙusa ba gam.

Idan ka sayo alluna, a Kasuwar Katako ta Jos ko wani wuri, ka ajiye su a kwance cikin kwalinsu, a ɗakin da za a shimfiɗa su, har kwana 2. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kuma mutumin Jos ya san bushewar hunturun garinsa. Shi ya sa ake barin tazarar santimita 1 tsakanin daɓe da bango ta kowane gefe. Sikatin, wato siririn allon da ake bi gindin bango da shi, zai rufe ta. In a kan siminti ne, a fara shimfiɗa leda saboda danshi, sannan siririn soson da ake sa wa a ƙarƙashin alluna.

Yanzu ga ainihin darasin. Mahaɗar kowane sahu ta goce wa ta sahun da ke kusa da shi da aƙalla santimita 30, wato inci 12. In mahaɗai suka jeru a layi guda, babu allon da ke riƙe da ɗan'uwansa, sai wurin ya riƙa buɗewa, ƙura da ruwan mofa su shiga, bakin allo ya tashi.

Ɗauki fensir mu yi lissafi. Tsawon ɗaki santimita 400 ne, allo kuma 120. Cire 2 na tazarar bango, saura 398. Alluna uku sun ci 360, saura 38. Ka yanko 38 daga allo na huɗu, guntun da ya rage 82 ne. Kada ka yar da shi, da shi za ka fara sahu na biyu. Mahaɗa ta goce da 38 ke nan, ya isa. Sahu na biyu zai bar maka guntu 44, ka fara na uku da shi. Na uku kuwa 6 kawai zai bari.

A nan yaron shago kan ce, "Oga, in sa wannan?"

"A'a. Duk guntun da bai kai 30 ba, a bar shi. Kawo sabon allo da zarto."

Asarar ba ta da yawa, kuma ta zo a kan gaɓa. Duba alkaluman: 120, 82, 44. Kowane sahu yana ja da baya da 38, mahaɗai sun fara zana matakalar bene a ƙasa. In aka ci gaba a haka, daga bakin ƙofa ido zai gani. Wasu kuma suna yin cikakke, rabi, cikakke, rabi, irin na magini. Yana riƙewa, amma a ganina ya fi kama da tayil, alhali mai gida katako ya biya. Gara ka sauya awo yadda ba mai iya bin sawunsa. Saboda irin wannan yanka ne ake sayen ƙarin kwali 1 a kan kowane 10.

Kafin ka danna allunan sahu su kama, jera su tukuna ka auna guntun da zai zo ƙarshe. Shi ma kada ya gaza 30.

Aikin gida: ka fara sahu na huɗu da guntu mai santimita 95. Da nawa mahaɗarsa ta goce wa ta sahu na uku? Santimita nawa za ka yanko don rufe sahun?